Tambaya: launin katako da fenti suna canza amon hap ne da gaske?

Maman Hanan:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah wanda ya san harkar kayan kiɗan Turawa ya fitar da ni daga duhu. Muna zaune a Ingila ne, 'yata shekarunta 14, tun tana 8 take koyon hap a makaranta, wato abin kiɗan nan mai tsirkiyoyi da yawa da ake jinginawa a kafaɗa ana ja da yatsu, irin ƙaramar nan mai tsirkiya 34 wadda ake ɗaga 'yan maɓallai da hannu. To yanzu malamarta ta ce lokaci ya yi da za ta koma babbar, mai feda 7 da tsirkiya 47, irin wadda ake gani a manyan makaɗa. Ran Asabar muka je wani shago aka jera mana su, wlh kuɗin wasu sai ka rantse mota za ka saya, shi ya sa ba na so in yi garaje.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne akwai guda biyu kamfani ɗaya, samfuri ɗaya, kuɗi kusan ɗaya, ɗaya fara ce kalar katako yadda Allah ya yi shi, ɗaya kuma ja mai duhu suka ce kalar mahogani. Da yarinyar ta kaɗa su ni da kunnena na ji jar ta fi kauri da daɗi, farar kuma kamar ta fi kaifi tana shiga kunne. Mai shagon ya ce ai haka abin yake, mai duhu kullum ta fi zurfin murya, sannan ya nuna mana wata mai ruwan zinare a jikin ginshiƙin ya ce ita ba a ma haɗa ta da sauran. Hanan kuma farar take so, ta ce ta fi mata daɗi a yatsa. Mun dawo gida kowa da ra'ayinsa, Abbanta ya ce shi duk ɗaya ya ji su. Shin kalar ce ta kawo bambancin da na ji? Katakon ne daban? Ko fentin? In kuwa zinaren yana ƙara sauti da gaske gara mu haƙura mu ƙara tari zuwa baɗi.

Tsirkiya47:

Wa alaikumus salam Anti. Allah ya raya Hanan, na ji daɗi sosai da na ga 'yarmu ta kai matakin feda, ba ƙaramin aiki ba ne shekara 6 a kan tsirkiya.

Ni a Italiya nake karatun kiɗa kuma hap ce abin kiɗana, to bari in faɗa miki abin da na sani. Abu na farko, waccan jar da aka ce miki mahogani, galibi ba mahogani ba ce, sunan kala ne kawai. Manyan kamfanonin nan irin su Lyon & Healy na Chicago da Salvi na garin Piasco a nan Italiya, jikin hap ɗinsu yawanci da katakon mapul suke yi, wani farin katako mai tauri, sai a rina shi a ce wannan mahogani, wannan walnat, wannan eboni wato baƙa, wadda ba a rina ba kuma a bar ta fara. Kenan in samfuri ɗaya ne akwai yiwuwar biyun da kuka gani irin itace ɗaya ne a ƙarƙashi, riga ce kawai aka canza musu. Ki tambaye shi kai tsaye, katakon mahogani ne ko rinin mahogani? Ya nuna miki a takardar kamfani.

Amma kuma kunnenki bai yi ƙarya ba, kin ji bambanci, sai dai ba daga kalar ya fito ba. Ki duba faffaɗan allon nan da tsirkiyoyin suke shiga cikinsa, wanda ke fuskantar sama in an jingina hap a kafaɗa, shi ne muryar hap ɗin gaba ɗaya. Tsirkiya ita kaɗai ba ta iya tura iska sosai, siririya ce, sai ta girgiza wannan allon shi kuma ya girgiza iskar ɗaki. Ana yin shi da katakon sifurus, dangin itatuwan nan masu ganye kamar allura na ƙasashen sanyi. Lyon & Healy suna amfani da nau'in Sitka na gaɓar arewa maso yammacin Amurka, Salvi kuma suna alfahari da na kwarin Fiemme da ke tsaunukan arewacin Italiya, inda sanyi ke sa itace girma a hankali, zobensa su fito ƙanana a jere. Kuma allon nan ba falle ɗaya ba ne, gutsattsari ne ake jerawa a kwance ana mannewa da gam, sannan a fere shi, can ƙasa wajen manyan tsirkiyoyi kaurinsa ya kai kusan santimita 1, yana hawa yana sirancewa har ya koma wajen milimita 2 a sama, sai a shimfiɗa masa wani ɗan siririn falle a kai. To kin ga itace biyu ba sa taɓa zama ɗaya, hannun mai fere ma yau da gobe ba ɗaya ba, shi ya sa ko kin jera farare guda biyar samfuri ɗaya kowace da muryarta. Na taɓa gwada uku a jere masu kala ɗaya, ɗaya kamar an toshe mata hanci a tsakiya, ɗaya kuma tana buɗewa tun kafin ka ja da ƙarfi.

Zinaren kuwa Anti, a ginshiƙi da gindi ake manna shi, ganye ne siriri ƙwarai a kan sassaƙa. Ginshiƙin aikinsa riƙe nauyi ne, a yawancinsu ta cikinsa ne sandunan ƙarfe ke bi daga feda zuwa sama. Kuɗin da ake ƙarawa na aikin hannu ne da ado. Abin da zan yarda da shi shi ne masu zinaren su ne manyan samfura, galibi allonsu mai faɗi ne wanda ya buɗe ta ƙasa kamar fuka-fuki, wannan faɗin kam yana ƙara wa manyan tsirkiyoyi ƙarfi, amma ana samun allo mai faɗi ba tare da zinare ba. Kar ku jira baɗi saboda zinare.

Baba Kafinta:

Salamu alaikum. Hajiya ni ban taɓa taɓa wannan abin kiɗa da hannuna ba, a waya nake ganinsa, amma shekara 30 da wani abu ina aikin katako a Kano, kuma maganar yarinyar nan ta sama ta yi daidai da abin da muka sani a sana'a. In muka je sayen katako ba kala muke fara dubawa ba, ɗaga shi ake a ji nauyi sannan a ƙwanƙwasa da bayan yatsa, busasshe mai lafiya za ki ji yana amsawa ƙwal ƙwal, wanda bai gama bushewa ba ko mai ɓoyayyen tsagu sai ki ji dum kamar an bugi buhu. Falanki biyu daga gungume ɗaya ma amsawarsu takan bambanta, na gefen zuciya daban na gefen ɓawo daban.

Maganar rini kuma gaskiya ce, mu ma farin katako muke rinawa ya koma kamar maɗaci in mai kaya ya ce ja yake so, rini ruwa ne yana shiga ya bushe, ba ya ƙara wa katako wani nauyin kirki. Amma banish daban ne. Banish kwanciya yake a saman katako, in ka yi shafi ɗaya ka goge da samfefa ka ƙara, ka ƙara, har ya yi ƙyalli kamar madubi, to ka sa masa fata ke nan. A kan ƙofa ko kan gado ba komai, amma a kan siririn falle kamar wanda ta ce milimita 2, ni a ganina dole ya taɓa amsawarsa, domin na sha ganin siririn filawud kafin banish in ka buga yana rawa, bayan shafi huɗu sai ya yi shiru-shiru. Don haka ni in ni ne ba kalar zan tambaya ba, kaurin abin da aka shafa a kan allon nan zan duba.

Sai kuma wata magana da ba ki tambaya ba amma ta dame ni. In har kuna da niyyar dawowa da ita gida wata rana, ku yi tunanin hunturu. Katakon da aka busar aka haɗa a ƙasar danshi, in iskar Disamba da Janairu ta same shi a nan sai ya tsuke, kujerun da ake kawowa daga waje ma muna ganin yadda suke buɗewa a mahaɗa, balle abin da tsirkiya ke ja dare da rana.

Tsirkiya47:

Baba Allah ya ƙara girma, wlh kamar ka taɓa shiga masana'antar, masu zaɓen katakon kayan kiɗa ma ƙwanƙwasawa suke suna saurare. Maganar hunturu kuma gaskiya ce ƙwarai, tsirkiyoyin nan 47 in aka haɗa jansu ya kai wajen kilo 900 a kan allon, shi ya sa ake so danshin ɗaki ya zauna tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. Ko a Ingila ma Anti kar a ajiye ta kusa da hita ko jikin taga.

Talatu J.:

Sannunku duka. Ni dai ƙanwata Tsirkiya ban yarda da ke ɗari bisa ɗari ba, kar Maman Hanan ta tafi da cewa katakon jiki ba ya komai. Ina kaɗa ƙaramar hap a coci shekara da shekaru a nan Amurka, tawa ta walnat ce, ta abokiyar kiɗana ta mapul ce, kamfani ɗaya girma ɗaya, kuma duk wanda ya zauna a ɗakin zai gaya miki tawa ta fi taushi tata ta fi haske da tsayin amo. Kamfanin Dusty Strings na Seattle suna yin samfuri ɗaya da katako kala-kala, walnat, ceri, mapul, har da safele wanda sunansa ma daga garin Sapele na jihar Delta ya samo asali, kuma su da kansu suna bayanin yadda kowanne yake sauti. Mutanen da suke yanka katakon nan kullum ba za a ce ba su san abin da suke faɗa ba.

Kuma akwai abin da ba a aunawa da na'ura, hap a jikinka take kwanciya, kafaɗarka da gwiwarka suna jin rawar akwatin, in yarinya ta ce wannan ta fi mata daɗi a yatsa to a saurare ta, ita za ta zauna da ita awa biyu uku kullum ba mu ba. Ni a nan na fi goyon bayan Hanan a kan kowa.

Injiniya B.:

Anti Talatu maganarki tana kan hanya amma kun ɗan yi magana a kan abu biyu ne daban. A ƙananan hap irin taki katakon da aka ambata shi ne ainihin jikin, wuya da ginshiƙi da gefuna duk walnat ne ko mapul, nauyinsu da taurinsu ba ɗaya ba, to ba mamaki a ji wani abu. A babbar mai feda kuwa bayan akwatin siraran falle ne aka lanƙwasa aka manne su bisa juna, kuma sunan kalar sau da yawa rini ne kamar yadda aka faɗa, ko kuma falle ɗaya na ado a waje. Ina jin daga duniyar ƙananan ne maganar "mai duhu ta fi zurfi" ta tsallako shagunan manya, inda ba ta da tushe sosai.

Ni aikina auna girgiza ne a injuna ba kiɗa ba, amma lissafin ɗaya ne. Abin da ake nema a allon sauti shi ne abu mara nauyi mai tauri, sifurus yana da nauyin wajen kilo 400 zuwa 450 a kowace mita kubik, mapul mai tauri kuma wajen 700, shi ya sa aka ba kowa aikinsa, mara nauyi ya yi rawa, mai nauyi ya riƙe gida. Jiki in ya yi rawa da yawa ma sata yake yi, ƙarfin da ya kamata ya tafi allo sai ya ɓace a wuya da ginshiƙi. Kenan jiki yana da tasiri, amma na mai riƙe ne, ba na mai magana ba. Iskar da ke cikin akwatin da ramukan nan na baya su ma suna cikin lissafi, musamman a muryoyi masu kauri.

Batun banish ɗin Baba kuma ga misali da lamba. A ce an shafa abin da kaurinsa ya kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita a kan wurin da katakon milimita 2 ne, kaurin ya ƙaru da kashi 10 cikin ɗari ke nan, kuma busasshen banish ya fi sifurus nauyi fiye da ninki biyu, to nauyin wurin ya ƙaru da sama da kashi 20. Wannan ba wasa ba ne a saman allo inda ƙananan tsirkiyoyi suke. A can ƙasa mai santimita 1 kuwa da ƙyar a ji. To amma kamfani ɗaya samfuri ɗaya, shafin da suke wa allon farar shi suke wa allon jar, ba wai sun ƙara wa ɗaya ba saboda kala. Inda abin ke zama matsala shi ne tsohuwar hap da wani ya sake wa fenti a gida ya lafta mata, irin wannan in kun gani a kasuwar na hannu ku yi hattara.

Sannan ido yana shiga kunne fiye da yadda muke zato, kuma wannan ba raini ba ne ga kowa, haka aka halicce mu. A 1862 Antonio de Torres, mai yin gita a Sifen, ya haɗa gita da allon gaba na sifurus mai kyau amma baya da gefe na kwali, tana nan a gidan tarihin kiɗa na Barcelona, ana ɗaukarta hujjar cewa allon gaba ne ke ɗauke da yawancin sautin. Sannan gwajin da wata mai bincike Claudia Fritz da abokan aikinta suka yi da goge irin na Turawa, wanda aka buga a 2012 da 2014, an sa wa ƙwararrun makaɗa tabarau mai duhu aka ba su tsofaffi ƙirar Stradivari, shahararren mai yin goge na Italiya a da, da kuma sababbi, suka kasa rarrabewa yadda ake zato, da yawa ma suka zaɓi sabo. In ƙwararre zai ji abin da idonsa ya gaya masa, to mu ma in muka ga ja mai duhu zuciya za ta ce kauri, in muka ga fari ta ce kaifi.

Shawarata Hajiya ku koma shagon, ki zauna nesa kamar taku goma ki juya baya, malamar Hanan ta kaɗa abu ɗaya a kan kowace ba tare da an faɗa miki wacce ba ce, a yi ta sauyawa sau shida ko takwas kina rubutawa. Kuma a musanya musu wuri, domin wadda ke kusa da bango ko lungu takan fi jin kauri. A tabbatar an ɗaure tsirkiyoyinsu daidai kafin a fara.

Tsirkiya47:

Ƙari a kan na Injiniya, ki tambayi shekarun tsirkiyoyin kowace. Na tsakiya da hanjin dabba ake yin su, na can sama galibi nailan, na ƙasa kuma waya ce da aka naɗe, kuma wayoyin nan in sun tsufa sukan dushe su rasa ƙyallin murya, sai mutum ya ɗauka zurfi ne alhali gajiya ce. In jar ta shekara biyu a shago farar kuma watanta uku da zuwa, to wannan kaɗai ya isa ya kawo abin da kika ji. Ga kuma cewa sabuwar hap muryarta a ɗaure take, sai an yi shekara ɗaya biyu ana kaɗa ta allon ya ɗan taso ya saki jiki. Mu a makaranta in aka kawo sabuwa kowa gudunta yake a watannin farko, bayan shekara kuma a dinga rububinta. Kaifin da kika ji a farar zai iya laushi, amma wadda ta fito a toshe tun farko ba kasafai take buɗewa ta zama wata aba ba, shi ya sa ni na fi son sabuwa mai haske da amsawa da wuri.

Anti Talatu kuma na karɓi gyara, a kan ƙananan kam ina tare da ke.

Maman Hanan:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya, maganar hunturu ta shiga kunnen Abban Hanan sosai domin shi burinsa mu koma gida in ta gama sakandare. Na kira shagon yau da safe na yi tambayar da Tsirkiya ta ce, wata ce ta ɗauka ba mutumin ranar ba, ta duba ta ce duka biyun mapul ne, jar rini ce, kuma jar ta fi daɗewa a wurinsu da fiye da shekara, ba a taɓa canza mata wayoyin ƙasa ba. Raina ya ɗan sosu da abin da aka gaya mana ranar Asabar amma ba komai. Malamar ta yarda za ta raka mu ran Alhamis bayan makaranta, na roƙi su fito da su tsakiyar ɗaki su kuma ƙara ta uku samfurin ɗaya in suna da ita a sito, ta ce akwai wata baƙa. Zan juya baya in rubuta kamar yadda Injiniya ya ce, ita ma Hanan za ta zauna ta saurara daga nesa kafin ta taɓa, tunda ba ta taɓa jin yadda suke fita daga can ba sai daga kafaɗarta. Baba in mun tashi dawowa da ita zan neme ka a kan yadda za a yi da ɗakin da za a ajiye ta, akwai wani ɗaki a gidanmu na Kaduna da ba ya kallon gabas, ko shi zai fi?